Shekarar da Babanku Ya Mayar da Suna

Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na ba ku labarin gidanmu na Zongon Sokode, da mahautar kakanku, da yadda na bar koleji, amma duk sanda na zo kan shekarar Dapango sai in rufe littafin in ce gobe. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne maganar da Hamza ya kawo mini daga tasha, wai wani direba ɗan Dapango da ya ji sunan gidanmu ya ce masa ai babanka ne ya sayar da ƙungiyarmu ana saura wasa biyu. Hamza ya ce bai tanka masa ba, amma na ga yadda ya ajiye cokali bai gama cin abinci ba. To ku saurara, ke Nafisa, da kai Hamza, da ke Auta. Babanku, Allah ya haskaka kabarinsa, bai sayar da kowa ba. Abin da ya yi a shekarar nan a gabana aka yi shi.

Sunan da aka yanka masa rago da shi Mumuni. A gida aka haife shi a Kparatao, lokacin da ba kowa ne ya damu da kai sunan jariri meri, ofishin magajin gari, a rubuta ba. Ƙaninsa, Baffanku Safiyanu, ya zo bayan shekara biyar, kuma da yake haihuwarsa ta zo wa Mma, mahaifiyarsu, da gardama sai da aka kai ta asibitin Sokode, a can aka yi masa takardar haihuwa. Takardar ta kwanta a ƙasan adakar Mma tare da zannuwan aurenta. Da babanku ya kai ashirin da biyu, wani mutum ya zo daga Lome yana neman masu buga ƙwallo, ko balo kamar yadda muke cewa, waɗanda ba su wuce sha bakwai ba. Ya ga wasan babanku ya ce yana so, amma ina takarda? Kawu Alasan, ƙanin Mma, shi ya buɗe adakar. Ya ce aro ne na wata uku, kuma kowa haka yake yi, akwai shekarun Allah akwai shekarun balo. Safiyanu yana fama da allonsa a lokacin, ba wanda ya tambaye shi. Aron wata uku sai da ya shekara goma sha shida.

Ba zan yi muku ƙarya in ce babanku fitacce ne ba. Mai tsaron baya ne, irin wanda ƙungiya ke tunawa da shi idan ana zura mata ƙwallaye kamar ruwa, ya zo ya toshe, bayan shekara ɗaya ko biyu a samu yaro mai sabon jini a ce masa an gode. Haka ya yi Lome, ya yi Kotono, ya yi Wagadugu da Kumasi, har Libarbil ya je wata bakwai ya dawo da zazzaɓi. Wasu wuraren na bi shi, wasu na zauna gaban Mma. Na koyi kada in sayi abin da mutum biyu ba za su iya ɗauka ba. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa taka filin wasa ba. A gidanmu matar aure ba ta zuwa, ni kuma ko an bar ni ba zan iya kallon ana takarsa ba. Sana'arsa a ƙafafunsa na san ta: ruwan zafi, man kaɗe, faratan da suka yi baƙi suka faɗi suka sake fitowa, da gwiwar hagu da ke kumbura kamar gwanda.

Na san a filin wasa Safiyanu ake kiransa, duk Zongo an sani, ana ma yin raha da abin. Ban san nauyinsa ba sai ranar da muka je meri yi wa Nafisa takarda. Ma'aikacin ya karɓi katin babanku ya kwafa, ya miƙo mini. Na iya karanta Faransanci, sai na ga a gurbin uba an rubuta sunan ƙanin mijina. A hanya na yi ta juya takardar a hannuna. Babanku ya lura, ya ce takarda ce kawai, Allah ya san wanda ya haife ta. Na ce haka ne. Amma na karanta a Islamiyya abin da aka ce game da jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba, kuma duk sanda na sake haihuwa aka sake rubuta sunan nan, sai in ƙara tsawon sujada.

Da aka kira shi Dapango yana da talatin da takwas a wajen Allah, talatin da uku a takarda. Ƙungiyar ƙarama ce, tana rukuni na biyu, kuma mutanen garin sun gaji da jiran ranar da za ta hau rukunin manya. Muka kama ɗaki biyu bayan babbar kasuwa, maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Moba ne, mutanen kirki, matar gidan tana aiko mini da tumatir ina aika mata da wasa-wasa, dambun garin doya irin na Sokode. A garin nan ne, bayan duk yawon da ya yi, Allah ya buɗe wa babanku. Aka ba shi kyaftin. Wasa bayan wasa ba a cin su. 'Yan zemija, masu ɗaukar mutane a babur, suka daina karɓar kuɗina, wai matar Bango ba ta biya, don haka suka laƙaba masa. Shugaban ƙungiyar ya yi masa alkawari idan sun hau zai tura shi kwas na koci, ya dawo ya riƙe yara. Karon farko na ji babanku yana maganar shekara mai zuwa ba tare da ya ce ko ina za mu kasance ba. Har gado na katako ya sa aka yi mana.

Ana saura wasa huɗu na sauka Sokode sunan ɗan ƙanwata, na leƙa Kparatao gaida Mma. Baffanku a lokacin malami ne mai makaranta a ƙofar gida, ba ya karɓar komai sai abin da aka kawo. Na tarar da matarsa Mariya tana dakan sakwara, na karɓi taɓarya ɗaya. Muna cikin daka ta tsaya, ta share fuska da gefen zani, ta ce akwai maganar da Malam ya hana ta faɗa. Wata Hajiya 'yar kasuwa, wadda ya karantar da 'ya'yanta da jikokinta, ta ce bana za ta biya masa kujerar Makka, don ta ji jikinta ba ta san ko za ta ga wata shekara ba. Malam ya ciro kwafin takardar haihuwarsa a meri, ya tafi Lome neman fasfo. Aka duba na'ura aka ce mai wannan suna da wannan ranar haihuwa yana da fasfo, ga hotonsa, ga zanen yatsunsa, kai wane ne? Ya ga fuskar yayansa a gilashin na'urar. Ya ce su yi haƙuri ya yi kuskure, ya fito. Da ya dawo ya je ya ce wa Hajiya ba zai samu tafiya bana ba, bai faɗi dalili ba, har ta yi fushi tana cewa ya raina kyautarta.

Mariya ta ce ranar da aka fara yi masa albishir, sai da ya aika aka sayo masa harami, yana nan a ninke a ƙarƙashin littattafai. Ta roƙe ni kada in faɗa. Na ce mata na ji, amma ban yi alkawari ba.

Kwana shida na riƙe maganar a Dapango. Ina dafa ruwan gwiwa ina kallon mutumin da ya sha wuya shekara goma sha shida, yanzu ya ga ƙofa a buɗe. Na san idan na yi shiru Baffanku ba zai taɓa faɗa ba har ya mutu. Na kuma san rufe rajistar alhazai saura 'yan makonni, gyaran takarda a kotu kuwa ba abin kwana biyu ba ne. Idan aka jira ƙarshen wasanni, tafiyar ta wuce. Ranar ta bakwai, bayan sallar asuba, na kawo masa koko na zauna, abin da ba na yi. Ya dube ni ya ce lafiya, Maman Nafisa? Na faɗa masa duka, har da haramin. Ya shanye kokon, ya ɗaura takalmi, ya tafi atisaye.

Da rana ya kira Kawu Alasan a waya, ina jin su don Kawu ba ya iya magana a hankali. Kawu ya yi dariya ya ce wannan ai ba matsala ba ce. Tunda Mumuni ba shi da takarda, Safiyanu ya je kotu ya ce shi ne Mumuni, a yi masa sabuwa, ya tafi Makka da ita, kowa ya huta. Ya ce Allah ba fasfo yake dubawa ba. Gaskiya ni ma sai na ji sanyi a raina, na ce ashe akwai mafita. Babanku ya kira ƙaninsa ya gaya masa shawarar, ya buɗe muryar wayar don in ji. Baffanku ya ce:

“Yaya, ban ƙi ta Kawu ba. Amma sai na ɗaga hannu gaban alƙali na rantse ni ne wanda ba ni ba. Ba zan fara hanyar ɗakin Allah da wannan ba. Ka buga wasanka, wallahi ba na riƙe da kai da komai.”

Babanku ya ce to. Sannan ya ce masa ya shirya ya hau mota ranar Asabar, yana son ganinsa a Dapango, ba shawara ba ce. Da ya ajiye wayar ya juyo gare ni ya ce ranar Lahadi ni ma zan je fili. Na ce ni? Ya ce ke.

Baffanku ya iso da yamma a gajiye, don a kowane shingen jandarma sai da direba ya roƙa masa, ba shi da katin da zai nuna. Nan na fara gane abin da ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba: duk shekarun da babanku ke ƙetara iyakoki, mai sunan ko garin Kara da ke kusa ba ya zuwa da kwanciyar rai. Ya zauna a tabarma ya dubi gadon katako ta ƙofa ya ce, Yaya Ramatu an zama manya, yanzu ko gaisuwa sai da takarda. Na ce masa ya ci tuwonsa, malamin da ko ƙwallon lemo bai taɓa shura ba gobe zai ga aiki.

Ranar Lahadi muka bar ku wajen maƙwabciya muka tafi. Ban taɓa ganin mutane haka ba sai a filin idi. Ganguna, ƙaho, mata da tsintsiyoyi suna kaɗawa, rana tana dukan ƙeya. Aka ba mu benci a inuwa, ni a gefen mata, Baffanku a ɗaya gefen da farar jallabiyarsa da carbi, kowa na kallonsa kamar ya ɓata hanya. Da 'yan wasa suka fito na nemi babanku na rasa, sai da na gane tafiyarsa. Mutumin da nake gani kullum yana dafa bango kafin ya tashi daga tabarma, shi ne ya shigo kansa a sama, ƙirji a buɗe, sauran suna biye da shi.

Na zaci zan ga gudu da shure-shure. Abin da na gani daban ne. Babanku bai cika taɓa ƙwallon ba. Yana tsaye a baya, bakinsa da hannunsa ke aiki, yana jawo wannan, yana tura wancan, ko juyawa ba ya yi ya san inda kowa yake. Su huɗu ne a bayan, kuma idan abokan hamayya suka taso sai ya ɗaga hannu ya faɗi kalma ɗaya, su huɗun su yi taku gaba lokaci guda, kafaɗa daidai da kafaɗa kamar sahun salla idan liman ya ce a daidaita. Ɗan gaban can sai ya tsinci kansa shi kaɗai a bayansu, mai tuta ya ɗaga, an kama shi da satar gida. Sau nawa suka yi haka ban sani ba, kuma kowane karo idan mutum ɗaya ya makara da taku ɗaya shi ke nan. Ba wanda ya makara. Na lura ba ƙwallon yake kallo ba, ƙugun mutum yake kallo, kafin mutum ya juya shi ya riga ya san inda za shi. Na ce a raina, Ya Rabbi, wannan ilimin a gidana yake kwana ban sani ba. Shekara da shekaru ina shafa wa ƙafafun nan mai, ina jin tausayinsu, ban taɓa sanin ba su ne sana'ar ba.

Ana gab da tashi, muna gaba da ci ɗaya, wani yaro daga cikin 'yan bayanmu ya zame. Ɗan gaban abokan hamayya, saurayi mai gudu kamar barewa, ya fice da ƙwallo, ba kowa tsakaninsa da gola. Babanku bai bi yaron ba, ya san ba zai kamo shi ba. Ya yanki hanya ya nufi wani wuri da ba kowa, fili kawai, har na ce me yake yi. Sai ga yaron ya karkato daidai wurin nan, kamar an kira shi. Babanku ya kwanta da gwiwar nan ta hagu, ya zare ƙwallon daga ƙafarsa bai taɓa ko safarsa ba, ya miƙe, ya miƙa wa yaron hannu ya tashe shi. Filin ya fashe. Dubban mutane, Moba da Mosi da Hausawa, suka kama suna ɗaya suna rerawa da ganga, Safiyanu, Safiyanu.

Na waiwaya na dubi mai sunan. Duk kiran da aka yi sai kafaɗarsa ta motsa kamar zai amsa. Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya matso ya ce da ni yana murmushi, ashe haka nake da ƙarfi ban sani ba. Amma idanunsa sun ciko. Da aka busa tashi ya sake matsowa, wannan karon ba wasa a muryarsa.

“Yaya Ramatu, na gane abin da ya sa ya kira ni. Ki hana shi. Dubi abin da Allah ya ba shi.”

Na ce masa ban taɓa iya hana yayansa komai ba, kuma ni na kai maganar.

Bayan magariba, da suka ci abinci, babanku ya shiga ɗaki yana ɗingishi ya fito da wata jakar leda da ya yi yawo da ita duk ƙasashen nan. Ya zazzage ta a tabarma gaban ƙaninsa: takardar haihuwar da ta yi laushi kamar tsumma, katin ɗan ƙasa, fasfo, da lasin wasa.

“Malam, ga kayanka. Na sa su sun tsufa, ka yi haƙuri.”

“Yaya, saura wasa biyu. Makka tana nan ba inda za ta.”

“Tana nan. Hajiya fa? Kai fa, wa ya ba ka tabbacin baɗi? Na kira ka ne ka ga abin da aka yi da sunanka, kada ka ji an ce a banza ya tafi. Ka gani. To ya isa.”

Baffanku ya ce ya yafe tun bai san an ɗauka ba. Babanku ya ce ya sani, kuma yafewar ce ta fi damunsa, da ya taɓa yi masa faɗa ko sau ɗaya da abin ya zo da sauƙi. Suka daɗe suna ja, ƙani yana tura takardun, wa yana mayarwa, ni ina bakin murhu ina goge tukunyar da na riga na goge. A ƙarshe babanku ya ce shi ne babba, kuma ya gama magana. Ban taɓa jin ya yi amfani da girmansa a kan ƙaninsa ba sai ranar.

Washegari ya je wajen shugaban ƙungiya da kansa. Abin da aka faɗa masa a can bai taɓa maimaita mini duka ba. Na dai san shugaban ya roƙe shi ya jira mako biyu, da ya ƙi sai roƙo ya koma zagi. Ba za su iya sa shi a wasa ba bayan ya furta cewa lasin ba nasa ba ne, kuma ba su so a san dalili don kada abokan hamayya su kai ƙara. Sai aka ce wa gari kawai kyaftin ya tafi. Kafin la'asar labari ya zaga kasuwa cewa an saye shi. Babanku ya ji, ya hana ni buɗe baki, ya ce idan gaskiya ta fito yanzu yaran nan za a ƙwace musu duk wasannin da suka ci da guminsu, gara a zage shi shi kaɗai. Wannan shi ne asalin maganar da direban ya gaya wa Hamza. Ba na ganin laifin mutanen Dapango. An ba su rabin labari, kuma sun so shi da gaske.

Ranar da muka tashi ba ɗan zemijan da ya tsaya mana. Maƙwabciyata ta leƙo ta koma. Mutum ɗaya ya zo, golansu Lare, wanda shi kaɗai babanku ya gaya wa gaskiya. Ya ɗauki buhun kayanmu a ka har tasha, da za mu shiga mota ya rungume babanku ya juya da sauri. Gadon katako muka bar shi a ɗakin. Wasa biyun da suka rage duka aka doke ƙungiyar, ba su hau ba. Babanku ya saurari na ƙarshen a rediyo a tsakar gidan Mma, ina ganin hannunsa yana ɗagawa shi kaɗai yana cewa ku fito, ku fito, ga mutanen da ba sa jinsa. Kwana uku bai ci abincin kirki ba. Kada wani ya ce muku abin bai yi masa ciwo ba.

A kotun Sokode aka kira Mma shaida. Tsohuwa da sandarta ta tsaya gaban alƙali, tafinta yana juya Kotokolinta zuwa Faransanci. Ta nuna babanku ta ce wannan ta haife shi a ɗaki ana saura kwana biyu Babbar Salla, wancan kuma a asibiti bayan damina biyar, ita ta ba da mabuɗin adaka, idan akwai ɗauri a fara da ita. Alƙalin ya yi faɗa sosai, ya ci babanku tara, ya karɓe fasfo da lasin, amma ya ce tunda da ƙafarsa ya zo ba za a tsare shi ba. Da magatakarda ya zo cike sabuwar takarda ya tambayi sana'a. Ina kallon babanku. Duk wasannin da ya buga a ƙasa biyar suna rubuce da sunan wani, Mumuni bai taɓa shura ƙwallo ba a kowane littafi na duniya, kuma kwas ɗin koci ya tafi tare da lasin. Ya ce manomi. Haka aka rubuta, haka kuma ya zama, don gonar doya ta Aouda da kuka tashi kuka gan shi a ciki daga nan ta fara. Takardunku ma daga baya aka gyara su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa kuke ganin rubutu a gefensu da hatimi biyu.

Fasfon Baffanku ya fito ana saura kwana huɗu a rufe rajista. Ni na raka Mariya gidan Hajiya muka faɗa mata abin da ya faru tun daga farko. Tsohuwar ta yi ta salati, ta ce a kira mata Mumuni ta gan shi, da ya zo sai ta kama hannunsa ta riƙe.

Ranar tafiya duk Zongo ta fito rakiyar alhazai zuwa motocin da za su kai su Lome. Mata na guɗa, malamai na addu'a, ana ta cusa wa matafiya saƙon a yi mana addu'a a can. Babanku ya ɗauko jakar ƙaninsa a kafaɗa, ya ƙi bari kowa ya karɓa. Wani jami'i ya hau kan benci da takarda yana kiran suna, wanda aka kira ya amsa ya shiga. Ina tsaye kusa da su biyun. Da aka kira Safiyanu, na ga kan babanku ya ɗago, ƙafarsa ta yi gaba, bakinsa har ya buɗe, shekara goma sha shida ba wasa ba. Sai ya tsaya. Ya mayar da ƙafar. Baffanku kuwa bai motsa ba, shi ma ya saba idan aka kira sunan daga takarda ba da shi ake ba. Jami'in ya sake kira da ƙarfi, yana waige-waige.

Babanku ya sauke jakar ya rataya masa, ya sa tafin hannu a tsakiyar bayansa ya tura shi gaba.

“Kai ake kira, Malam. Amsa.”

Ya amsa, ya hau mota.

Wannan shi ne abin da ya faru a shekarar Dapango. Wanda ya sake ce muku babanku ya sayar da ƙungiya, kada ku yi faɗa da shi. Ku ce Allah ya jiƙan Mumuni, ku faɗi sunan sosai yadda zai ji.